Hoto ɗaya, bugu hamsin: wanne ne na asali? Fashin baƙi kan Władysław Skoczylas da sana'ar bugun katako

Duk sa'ad da gasar Olamfik ta zagayo, akwai wani tsohon labari da ke farfaɗowa a shafukan sada zumunta, wai a da har masu zane da marubuta waƙa ana rataya wa lambar yabo kamar 'yan tsere da 'yan dambe. Ba ƙarya ba ne. Daga gasar Stockholm ta 1912 har zuwa ta Landan a 1948 an riƙa fafatawa a fannoni biyar, wato zane, sassaƙa, adabi, kiɗa da tsara gine-gine, bisa sharaɗin aikin ya shafi wasanni. A gasar Amsterdam ta 1928 wani malamin zane ɗan ƙasar Polan, Władysław Skoczylas, ya samu lambar tagulla. Bayan shekara huɗu ɗalibarsa Janina Konarska ta ɗauko azurfa a Los Angeles, a 1936 kuma wani ɗalibin nasa, Stanisław Ostoja-Chrostowski, ya samo tagulla a Berlin. Su biyun nan da hoton da aka buga daga katako suka ci.

A nan ne mutane ke yin turus. Hoton da za a iya bugawa sau hamsin, kowanne sak ɗan'uwansa, me ya raba shi da fotokwafi? In darajar zane ita ce kasancewarsa guda ɗaya tak a duniya, to wanne ne orijina a cikin hamsin ɗin? Kuma me ya sa ƙasa guda za ta ɗauki mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana yankan katako ta ce shi ne uban wani salon fasaha nata? Rayuwar Skoczylas, wanda ake furta sunansa kusan kamar Skocilas, ita ce hanya mafi sauƙi ta warware wannan ƙulli.

Mene ne bugun katako?

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu yanka hatimi a bakin titi ya riga ya yi rabin karatun. Mai hatimi yana rubuta sunanka a baibai, ya yanke duk inda ba ya so tawada ta taɓa, ya bar haruffan a tsaye. In aka danna a takarda sai rubutun ya fito daidai. Bugun katako shi ne wannan, sai dai maimakon suna da lambar waya, hoto ne cikakke. Mai aikin zai samu allo mai santsi, ya zana abin da yake so, ya ɗauki wuƙa da ƙananan ƙarafa masu kaifi ya ƙwaƙule duk inda yake so ya fito fari. Sai ya shafa tawada mai maiƙo a saman abin da ya rage, ya shimfiɗa takarda, ya murje bayanta da cokali ko ya sa a injin matsa. In ya ɗaga takardar, hoto ya fito, dama ta koma hagu.

Abu biyu ne ke sa aikin nan wuya. Na farko, wuƙa ba ta da magogi, abin da ka yanke ya tafi ke nan. Na biyu ya fi wannan zurfi: mai alƙalami yana ɗora baƙi a kan fari, mai yankan katako kuwa daga baƙi yake farawa, kowane yanka da ya yi haske yake buɗewa. Dole kansa ya koyi tunani a juye.

Allon ma iri biyu ne. Akwai wanda aka tsaga bisa tsawon itace kamar katakon ƙofa, wannan da wuƙa ake yankansa, layinsa kauri ne da shi, wani lokaci har jijiyar itacen takan fito a takarda. Akwai kuma wanda aka yanka a gicciye, yadda ake yanka rake gunduwa-gunduwa, daga itace mai tsananin tauri. Wannan da ƙarfe mai tsini ake tona shi, yana ɗaukar layi siriri kamar gashi. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Bewick, shi ya yaɗa wannan hanya ta biyu a ƙarshen ƙarni na 18. Ita kanta sana'ar ta girme shi nesa ba kusa ba. Akwai littafin addinin Buda da aka buga da katako a ƙasar Sin mai ɗauke da shekarar 868, a Jamus kuma Albrecht Dürer ya fitar da shahararrun hotunansa na tashin alkiyama a 1498.

To ina orijina ɗin yake?

Mutane da yawa sukan ce allon shi ne na asali, takardun kuma kwafi. A'a. Allon kayan aiki ne, a juye yake, ya yi baƙi ƙirin da tawada, ba don a rataye shi a bango aka yi shi ba. Ku ɗauki misalin tanda da waina. Tanda ba waina ba ce, kuma wainar da aka kwashe da farko ba ta fi ta goma zama waina ba. Babu wadda aka kwafo daga wata, duk daga tanda ɗaya suka fito, da hannun mace ɗaya. Fotokwafi kuwa hoton waina ne. Kafin a yi shi sai da aka samu wani abu cikakke a gefe, sannan na'ura ta kwaikwaye shi. A bugun katako babu wannan cikakken abu na gefe. Hoton bai wanzu ba sai ranar da takarda ta haɗu da allo.

Don haka ne za ka ga a ƙasan irin wannan hoto an rubuta da fensir, misali, 7/50, ga kuma sa hannun mai aikin. Ma'ana wannan shi ne na bakwai cikin hamsin da ya yarda a buga. Alkawari ne tsakaninsa da mai saye cewa ba zai ci gaba da bugawa har kasuwa ta cika ba. Wani taron masu fasaha na duniya da aka yi a Vienna a 1960 ya zauna ya rubuta ƙa'idojin abin da za a kira bugu na asali, kuma ginshiƙinsu shi ne mai zanen da kansa ya yi aikin allon.

Sai dai fa wannan ƙa'ida yarinya ce in aka gwada ta da shekarun sana'ar. A zamanin Dürer al'ada ita ce mai zane ya zana, ƙwararren mai yanka ya yanka. Haka ma a Japan, shahararren hoton igiyar ruwan nan na Hokusai hannu uku ya bi: mai zane, mai yanka, mai bugawa. Ra'ayin cewa mutum ɗaya ya kamata ya yi tunanin hoton, ya yanka, ya buga, na 'yan zamanin Skoczylas ne, kuma a Polan shi ne ya fi kowa tsayawa a kansa. Dalilinsa yana cikin halin da ya tarar da sana'ar.

Sana'ar da kyamara ta kashe

A ƙarni na 19 bugun katako ya zama bawan jarida. Mujallu masu hotuna irin su Tygodnik Ilustrowany, wadda aka fara bugawa a Warsaw a 1859, suna da masu yanka da aikinsu kawai su ɗauki zanen wani su kwaikwaye shi a katako, layi bayan layi, har inuwa da hazo. Gwanintarsu ba ta da misali, amma burinsu shi ne mai kallo ya manta cewa katako ne. Da aka gano yadda za a ɗora hoton kyamara kai tsaye a farantin ƙarfe a buga, kafin ƙarnin ya ƙare, sai kasuwarsu ta watse.

Mutuwar kasuwar ce ta 'yanta sana'ar. Tunda jarida ba ta buƙatar katako, sai masu zane suka ɗauke shi don kansa. Paul Gauguin da Félix Vallotton a Faransa, Edvard Munch ɗan Norway, da matasan ƙungiyar Die Brücke da aka kafa a Dresden a 1905, duk sun riƙa yanka da hannunsu, suna barin sawun wuƙa a fili ba tare da kunya ba. Wannan iska ce ke kaɗawa a Turai lokacin da Skoczylas ke neman hanyarsa.

Ɗan garin gishiri

An haife shi a watan Afrilun 1883 a Wieliczka, wani gari kusa da Kraków da ya yi suna da mahaƙar gishiri ta ɗaruruwan shekaru. A lokacin babu ƙasa mai suna Polan a taswira. Rasha da Prusiya da Ostiriya sun yi watandarta tsakanin 1772 da 1795, garinsu kuma ya faɗa hannun Ostiriya. Shi ya sa karatunsa na farko a Vienna ya yi shi, a makarantar koyon sana'o'in ado, kafin ya dawo makarantar fasaha ta Kraków, inda ya zauna a gaban malamai irin su Leon Wyczółkowski a zane da Konstanty Laszczka a sassaƙa.

Bai faro da katako ba. Ya yi zanen fenti na ruwa, ya je Paris wajen 1910 ya ƙaro ilimin sassaƙa a wurin gwanin sassaƙa Antoine Bourdelle, ya kuma yi bugun farantin tagulla, wanda ake tonawa da ruwan asid. Sai a 1913, yana ɗan shekara 30, ya tafi Leipzig, cibiyar ɗab'in littattafai ta Jamus, ya koyi yankan katako. Wani abin dariya, lambar Olamfik ɗin da ya samu daga baya ma ba da katako ya ci ta ba, da zanen fenti na ruwa ne. Mutumin da duk duniya ta san shi da wuƙa, buroshi ne ya ba shi tagulla.

Abin da ya fi Paris da Leipzig tasiri a kansa shi ne aikin koyarwa da ya kama a 1908 a Zakopane, a makarantar sana'ar katako da ke gindin duwatsun Tatra.

Me ya kai malami wurin 'yan fashi?

Zakopane ƙauye ne na makiyaya tumaki da ake kira Górale, wato mutanen dutse, a yankin Podhale. Tun shekarun 1870 wani likita daga Warsaw, Tytus Chałubiński, ya riƙa tallata wurin saboda kyawun iskarsa ga masu ciwon huhu, sai 'yan boko suka yi ta tururuwa. Mutanen da aka raba ƙasarsu gida uku suna neman inda za su ga Polan tsantsa, wadda Barashe da Bajamushe ba su gurɓata ba, sai suka yanke wa kansu hukuncin cewa a waɗannan duwatsu take. Wani mai zane, Stanisław Witkiewicz, har salon gini ya ƙirƙiro daga ɗakunan katakon makiyayan.

Skoczylas ya shiga ɗakunan nan ya ga abin da ke rataye a bango. Hotuna ne da ake zanawa a bayan gilashi, galibi na waliyyan Kirista, masu launi mai ƙarfi da baƙin layi a gefe, babu ruwansu da nisa da kusa. A cikinsu akwai na 'yan fashin dutse suna rawa gefen wuta, da dogayen huluna da gatura masu dogon ƙota. Shugabansu a labari shi ne Janosik, wanda aka ce yana ƙwace na attajirai ya raba wa talakawa. Mutum ne da ya rayu da gaske, an kama shi an rataye shi a ƙugiya a 1713 yana ɗan shekara 25. Ban da hotunan gilashi akwai kuma tsoffin hotunan waliyyai na katako da 'yan koli ke yawo da su kasuwa-kasuwa da wuraren ziyara, masu arha, waɗanda 'yan boko ba su ɗauka a bakin komai ba.

Daga waɗannan biyu ya haɗa salonsa. A 1920 ya fitar da tarin hotuna na 'yan fashi mai suna Teka zbójnicka, a 1921 kuma Teka podhalańska, na mutanen Podhale. Wanda ya kalle su zai ga 'yan fashi a jere, ƙafa ɗaya, kafaɗa ɗaya, suna maimaita juna kamar zanen bakin tabarma. Zai ga fuskokin tsofaffi da aka tsattsaga da layuka har ba ka iya raba tamojin fuska da jijiyar itace. A ganina nan ne gwanintarsa ta kai maƙura. Bai ɓoye katakon ba, ya bar shi ya yi rabin maganar. Wasu daga cikin hotunan yakan bi su da fenti na ruwa bayan bugu, yadda 'yan ƙauye ke yi wa waliyyansu.

Lokacin ma ya taimake shi. Polan ta dawo taswira a watan Nuwamban 1918 bayan shekara 123. Sabuwar ƙasa tana buƙatar kuɗi, kan sarki, littattafan makaranta, da fuskar da za ta nuna wa duniya. Ga kuma mutum ya zo da hoto na zamani wanda kowa zai kalla ya ce wannan ba na Paris ba ne, ba na Berlin ba ne.

Ajin Warsaw da ƙungiyar Ryt

A 1922 aka ba shi kujerar koyar da fasahar bugu a makarantar fasaha ta Warsaw, wadda aka ɗaga zuwa akademi a 1932. Shekara 12 kacal ya yi a kanta, amma su ne suka sa har yau ake ambatonsa. A 1925 shi da abokan aiki irin su Edmund Bartłomiejczyk da ɗalibansa suka kafa ƙungiyar Ryt, kalmar da ke nufin yanka ko tono. Manufarsu a fili take: a yi hoton da tun daga tunani na katako ne, mai zanen ya yanka da hannunsa, kuma aikin ya kai matsayin da za a ajiye shi gefen zanen fenti ba tare da sunkuyar da kai ba.

Ana gane malamin kirki da ɗalibai su fita ba su yi kama da shi ba. Tadeusz Cieślewski ƙarami ya duƙufa kan tsoffin gine-gine da lunguna masu kama da mafarki. Wiktoria Goryńska ta yi suna da dabbobi, musamman kyanwoyi, da hotunan addini. Konarska ta yi waliyyai da 'yan wasa, tana kallon fili daga sama kamar tsuntsu. Ostoja-Chrostowski ya bi hanyar layi siriri, yana ƙawata littattafai. Tadeusz Kulisiewicz kuwa ya tafi wani ƙauyen dutse mai suna Szlembark ya zauna da mutanensa, ya fito a 1931 da hotuna masu duhu na talauci da gajiya. Yawan matan da ke cikin ƙungiyar ma abin lura ne a wancan zamani.

Skoczylas bai tsaya a aji ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta Rytm a 1922, da ƙungiyar haɗin gwiwa ta Ład a 1926, mai yin kujeru da saƙa da tukwane. Ya riƙe sashen fasaha na ma'aikatar ilimi a farkon shekarun 1930, ya sa hannu wajen kafa cibiyar yaɗa fasaha ta Warsaw, a 1933 kuma aka shirya baje kolin bugun katako na ƙasa da ƙasa a birnin bisa jagorancinsa. Ya rasu a watan Afrilun 1934, kwana kaɗan bayan ya cika shekara 51. Tsohon malaminsa Wyczółkowski, wanda ya haura 80, shi ya zo ya riƙe kujerar ɗalibinsa.

Me masu suka ke cewa?

Ba kowa ne ya yi masa tafi ba, kuma masu sukar ba 'yan hassada ba ne kawai.

Rukuni na farko matasa ne masu ra'ayin sabon zamani, irin su Władysław Strzemiński da Katarzyna Kobro da Mieczysław Szczuka, da suka haɗu a ƙungiyar Blok a 1924. A wurinsu zamanin injina da masana'antu ne, fasaha harshe ɗaya gare ta a duk duniya, komawa ga hular ɗan fashi kuwa ado ne na masu yawon buɗe ido. Rukuni na biyu masu fenti ne da suka tafi Paris a wannan shekarar, waɗanda ke ganin launi shi ne zane, batun ƙasa da tarihi kuma aikin marubuta ne. Dukansu sun lura da abu ɗaya: salon su Skoczylas ya yi wa gwamnati daidai, musamman bayan juyin mulkin da jagoran soji Józef Piłsudski ya yi a 1926. Mutumin da ke koyarwa, yake shugabantar ƙungiya, yake riƙe da ofis a ma'aikata, ba sai an faɗa maka inda kwangila da baje koli za su karkata ba.

Akwai suka ta uku wadda a ganina ta fi sauran nauyi. Wace Polan ce hotunan ke nunawa? Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar a lokacin ba 'yan ƙabilar Polan ba ne, akwai 'yan Yukren, Yahudawa, 'yan Belarus da Jamusawa. Aka ɗauki al'adar wani ɗan lungu na dutse aka ce ita ce fuskar kowa. Shi kansa Janosik ɗan Slobakiya ne, a can aka haife shi, a can aka kashe shi. Su kuma mutanen Podhale na gaskiya, ƙasarsu ba ta noma sosai, yunwa ta sa dubbansu sun yi ƙaura zuwa Amurka, musamman Chicago. Mai rawa gefen wuta ya fi daɗin ratayawa a falo fiye da mai ɗaure kaya zai bar gida. Hotunan Szlembark na Kulisiewicz, ko da gangan ko ba da gangan ba, raddi ne daga cikin aji.

Masu kare shi kuma suna da hujja. Ƙasar da aka hana ta harshenta a makarantu a yankunan Rasha da Prusiya, ba laifi ba ne ta nemi abin da za ta kira nata. Kuma bai kwafi 'yan ƙauye ba, ya ɗauki tsarin ganinsu ya haɗa da abin da ya koyo a Turai. Wannan gardama ba ta Polan kaɗai ba ce. A Zariya a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya sun kafa ƙungiya a kan tambaya iri ɗaya, yadda za a riƙe dabarar da aka koyo daga waje ba tare da zubar da zanen gida ba, kuma Onobrakpeya da fasahar bugu ya yi suna.

Ni dai inda na tsaya, sukar siyasar ta kama shi, sukar aikin ba ta kama shi ba. Kuma ɗaliban da suka saɓa masa da wuƙar da ya koya musu suka saɓa.

Ina ruwan mai ƙaramin ƙarfi?

Babbar hujjar masu bugun katako ita ce arha. Zanen fenti guda ɗaya ne, sai mai hannu da shuni. Allo ɗaya kuwa zai ba da hoto hamsin, don haka malamin makaranta ko akawu zai iya rataye aikin gwani na gaske a ɗakinsa. Hoton takarda kuma ba shi da nauyi, ana iya zuba baje koli guda a akwati a aika ƙasar waje, abin da ya yi wa matalauciyar gwamnati daɗi ƙwarai. Sannan katako yana zama a injin ɗab'i tare da haruffa, shi ya sa 'yan Ryt suka cika littattafai da bangon mujallu da ƙananan tambarin mallakar littafi da aikinsu. Mutane da yawa ta nan suka ga fasaharsu ba tare da sun taka gidan baje koli ba.

Amma kada a wuce gona da iri. Arhar ta tsaya ne a kan ma'aikacin birni. Bayan karyewar tattalin arzikin duniya a 1929, ƙauyukan Polan sun shiga halin da ake ba da labarin ana tsaga tsinken ashana ɗaya don a kunna wuta sau biyu. Wanda ke wannan hali ba zai sayi hoton kansa ba. Manomi ya shiga hoton, mai albashi ya saya.

Ga mai saye a yau, darasin na aljihu ne, ko aikin ɗan Polan ne ko na ɗan wata ƙasa. Kalmar bugu ta zama rumbu, ana zuba komai a ciki, har hoton da aka ɗauka da kyamara aka fitar a firinta aka sa masa lamba da sa hannu. Lamba kaɗai ba shaida ba ce, kuma tsoffin hotuna na gaske da yawa ba su da ita, sai sa hannu. Abin dubawa shi ne takardar. A bugun katako tawada takan ɗan taru a gefen layi, in ka juya bayan takarda sau da yawa za ka ga sawun danni ko gogar cokali. In ka sa madubin ƙara girma ka ga hoton ya tarwatse ya zama ɗige-ɗige masu tsari, to na inji ne, kama da wane ba wane ba ne. Akwai kuma na tsakiya, wanda aka buga daga allon gaske bayan mai shi ya mutu. Ba jabu ba ne, amma bai ga idon mai aikin ba, kuma katako yana cinyewa da yawan bugu, layuka su dakushe. Farashinsa bai kamata ya kai na farko ba. Shi Skoczylas, tunda ya haura shekara 70 da rasuwa, haƙƙin mallakar hotunansa ya faɗi, kowa na iya buga su a riga ko kalanda. Wannan halal ne, muddin ba a sayar da shi da sunan abin da ba shi ba.

Abin da wuta ta bari

Gasar fasaha ta Olamfik ta mutu bayan 1948, bisa hujjar cewa masu zane da sana'arsu suke ci, alhali a lokacin dokar gasar ta masu wasa don sha'awa ce. Lambobin nan ba a lissafa su a jadawalin ƙasashe na yau. Ƙungiyar Ryt kuwa Yaƙin Duniya na Biyu ne ya rufe ta a 1939.

A 1930 Skoczylas ya fitar da tarin hotunan tsohuwar unguwar Warsaw. Shekara 14 bayan haka, a tawayen birnin na 1944 da ramuwar da sojojin Jamus suka yi, unguwar ta zama kufai tare da mafi yawan birnin. Cieślewski ya mutu a cikin tawayen. An kama Goryńska, wadda ke aiki da masu buga jaridun ɓoye, aka kai ta sansanin fursunoni na Jamus da ke Ravensbrück, a can ta rasu a 1945. Ostoja-Chrostowski ya tsira, ya shugabanci akademin bayan yaƙi, ya rasu a 1947.

Kulisiewicz ya rasa ɗakin aikinsa da kusan duk abin da ya tara a gobarar 1944. Da mai fenti ne, da aikin shekara ashirin ya tafi ba ko sawu. Hotunan Szlembark kuwa suna nan ana kallonsu, domin tun kafin yaƙi sun riga sun watsu a hannun masu saye da gidajen tarihi, wannan a wani gari, wancan a wata ƙasa. Shi kansa bai koma wa katako sosai ba. Ya ɗauki alƙalami ya zana kufan Warsaw, sannan ya karɓi aikin koyarwa a makarantar da Skoczylas ya koyar da shi, ya rayu har 1988.